Kwale-kwalen Iwa Don Tafiyar Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda na ce iwa a nan, ina nufin doguwar ciyawar fadama wadda cikinta ke da totuwa mai laushi kamar soso. Sunanta da irinta sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma aikin ɗaure ta kusan ɗaya ne. Ga tambayoyin da masu son gwadawa suka fi yi.

Da gaske ciyawa za ta ɗauki mutum da kayansa a kan ruwa?

Za ta ɗauka, kuma ta daɗe tana ɗauka. A zane-zanen kaburburan tsohuwar Masar akwai mutane tsaye a kan jiragen ciyawar fafirus suna farautar tsuntsaye a fadamun Nilu. Har gobe masunta a tafkin Tana na Habasha suna tuƙa irinsu, suna kiran su tankwa. Buduma na tafkin Chadi sun shahara da nasu. A tafkin Titikaka, tsakanin Peru da Bolibiya, a tudu mai tsayin sama da mita 3,800, mutanen Uros ba jirgi kaɗai suke yi da ciyawar totora ba, har tsibiran da suke kwana a kai da ita suke shimfiɗawa.

Abin da ya kamata ka gane tun farko shi ne wannan jirgi ba ya aiki irin na kwale-kwalen katako. Na katako ƙwarya ne: yana hana ruwa shiga, ranar da ya huje ya nutse. Na iwa ba shi da cikin da zai cika. Ruwa na ratsa shi ya fita, abin da ke riƙe da shi a sama kuwa iskar da ke cikin totuwar kowane kara ce. Saboda haka ba ya yoyo, shan ruwa yake yi, a hankali, tun daga ranar da ka jefa shi. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Wace ciyawa zan nema?

Ka yanki kara ɗaya ka duba bakinsa. In ka ga farar totuwa ta cika shi, ka matsa da yatsa ta lotsa ta dawo, ka samu. Fafirus ita ce sarauniya, mai kara kusurwa uku da tuntu a ka, tana kai mita huɗu ko fiye. Totora ta Kudancin Amurka da tule ta Kaliforniya dangin juna ne, zagayayyun kara marasa gaɓa. Kacala ma tana yi; danginta ce Larabawan fadamun kudancin Iraƙi suke kira bardi.

Gabara da ire-irenta masu rami da gaɓoɓi suna yawo a kan ruwa, amma suna da taurin kai. Ba sa lanƙwasuwa, in ka matse su da igiya sai su tsage, kuma duk gaɓar da ta tsage ta zama bututun ruwa. In ita kaɗai ke wurin, yi da ita, sai dai ka ƙara yawa. In akwai duka biyu, sa 'yan sandunan gabara a tsakiyar dami su zama ƙashin baya, ka lulluɓe su da mai totuwa.

Ɗanya zan ɗaura ko sai ta bushe?

Ya danganta da nisan tafiyarka. In haye kogi ne kawai ka yar da jirgin a wancan gaɓar, ɗanya ma ta isa, ko wadda ta sha rana kwana biyu. Sai dai tana da nauyi, kuma tana motsewa yayin da take bushewa, ɗaurin da ka yi da safe zuwa jibi ya yi sako-sako.

In tafiyar kwanaki ce, shanya ta mako biyu zuwa uku, a baje ba a tsibe ba, kana juyawa. Za ka ga launinta ya tashi daga kore zuwa ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, ka ɗauki runguma guda ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba. Kada ta bushe ƙayau har ta riƙa karyewa. Daren da za ka fara ɗauri ka yayyafa mata ruwa, ko ka bar raɓa ta sauka a kanta.

Lokacin yanka ma yana da tasiri. Wadda ta riƙa ta gama girma ta fi jaririya daɗewa a ruwa. Lokacin da Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norway, zai ɗaura jirginsa Tigris a Iraƙi a 1977, mutanen fadama sun gaya masa a yanki bardi a watan Agusta. Ya bi shawararsu, jirgin ya yi kimanin wata biyar a teku bai nutse ba. Watan Agusta na Iraƙi ne. A wata ƙasa ka duba ciyawar, ba kalanda ba.

Ka yanka kusa da gindi, a nan kaurin yake.

Nawa zan yanka?

Fiye da yadda idonka ya gaya maka. Kowa a nan yake faɗuwa, ni ma a nan na faɗi: na tara tsibi har ƙugu ina ganin zai ishi mutum biyu, da na matse shi sai ga abu kamar matashin kai.

Ga lissafi mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Dami mai kaurin santimita 40 da tsawon mita uku da rabi, mai tsukewa a baki, yana cin wurin lita 300 ko kusa da haka. Jirgin da manyan dami biyu ake yin sa, sun zama lita 600, wato kilo 600. Kada ka yi murna tukuna, domin ruwa zai shiga tsakanin kara da kara, ciyawar kanta tana da nauyi, kuma ba ka son jirgin ya nutse har baya kafin ya ɗauke ka. Ka ɗauki kashi ɗaya cikin uku kawai a matsayin naka. Wato irin wannan jirgi na mutum ɗaya ne da jakarsa, da rarar da ruwan da zai sha nan gaba zai cinye.

A aikace, kowane babban dami ya zama in ka rungume shi bayan an matse, da ƙyar yatsunka za su haɗu.

Wane kayan aiki nake buƙata?

Lauje ko adda mai kaifi, wuƙa, gungumen itace na duka, gajeren sanda na jan igiya, sai igiyar kanta. Ita ce abin da bai kamata ka yi wa rowa ba. Zagaye ɗaya yana cin kusan mita ɗaya da rabi, kana barin taƙi ɗaya tsakanin zagaye da zagaye, ka lissafa ɓangare biyu da ɗaurin gefe: mita 80 ba ta yi yawa ba. Kaurin fensir ya isa.

Igiyar zaren tsiro, irin ta rama, tana motsewa in ta jiƙe, wanda alheri ne a nan domin tana ƙara matse damin. Ta roba ta fi ƙarfi kuma ba ta ruɓewa, amma tana da santsi, ƙulli na zamewa, wata kuma tana miƙewa in ta sha ruwa. Wadda ta cika siranta tana yanka ciyawa kamar reza. Mutanen Titikaka da ciyawar tudu suke kitsa tasu. Kai ma kana iya tufka igiya a daji da ɓawon itace ko ganyen kacala, sai dai ka sani tufkar mita 80 za ta fi ɗaurin jirgin cin lokaci.

Safar hannu, in kana da ita. Gefen ganyen nan yana yanka ba ka ji ba, sai ka sa hannu a ruwa.

To, yaya ake ɗaurawa?

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta mutanen Aimara na Titikaka, domin ba ta buƙatar ƙusa ko katako ko ɗaya.

Ka nemi fili mai laushi dab da ruwa. Dab da ruwa na ce, don jirgin da aka gama ba abin ɗauka ba ne zuwa nesa. Jera gajerun igiyoyi a ƙasa a gicciye, taku ɗaya tsakaninsu. A kansu ka shimfiɗa zaɓaɓɓun kara, dogaye miƙaƙƙu, kamar asabari. Su ne za su zama fatar damin. Sannan ka zuba sauran a kai, runguma-runguma, gindin kara yana kallon tsakiya, siririn kai yana kallon baki. Kada bakin kara su ƙare duk a wuri ɗaya. Ka sassaɓa su yadda wani ya hau kan wani, in ba haka ba nan wurin zai zama gwiwa, jirgin ya karye a kai. Naɗe shimfiɗar ta rufe, ka ɗaure da gajerun igiyoyin nan ɗaurin wucin gadi. Ka yi na biyu daidai da shi. Ka ɗaga kowanne ka ji nauyinsa. In ɗaya ya fi, jirgin zai riƙa karkata har ranar da za ku rabu.

Yanzu ka yi dami na uku, siriri, kaurin cinya. Shi ne zuciya. Ajiye shi tsakanin manyan biyu.

Ga sirrin. Ɗauki doguwar igiya ka zagaya damin dama tare da zuciya, kana tafiya kamar naɗin rawani daga wannan baki zuwa wancan, ba tare da ka taɓa damin hagu ba. Ɗauki wata ka zagaya damin hagu tare da zuciya, zagayenta yana faɗawa tsakanin na farko. Manyan biyun ba a ɗaure suke da juna ba, kowanne da zuciya yake ɗaure. Da ka fara ja, sai su matso su haɗe, zuciyar ta shige tsakaninsu ta ɓace, ba za ka sake ganinta ba.

Ja ba sau ɗaya ake yi ba. Ka koma zagayen farko, ka naɗa igiyar a gajeren sanda, ka taka damin da ƙafa, ka ja, ka daki wurin da gungume, ka sake ja, ka miƙa rarar zuwa zagaye na gaba. Haka har ƙarshe, sannan ɗaya ɓangaren. Ka dawo ka sake, sau uku ko huɗu. Zagayen farko za ka ji ciyawar tana ƙara tana kuka a ƙarƙashin igiya. A na ƙarshe, in ka daka, sautin ya tashi daga fuf zuwa dum kamar ganga, kuma yatsa ba ya shiga ƙarƙashin igiya. Lokacin nan za ka kwance ɗaurin wucin gadi. Kwarin da ya rage a sama tsakanin damin biyu nan ne mazauninka.

Daga ƙarshe ka yi sirara biyu, kaurin damtse, ka ɗaura su a bisa gefe da gefe. Su ne ke tare kaya kada su gangara, suna kuma rage ruwan da ke fantsamowa.

Mutum biyu da busasshiyar ciyawa a hannu suna iya gamawa a yini ɗaya ko biyu. Mutum ɗaya ya shirya wa ciwon baya.

Dole ne goshin ya ɗaga sama kamar yadda ake gani a hotuna?

Goshi dai ya ɗaga, ko da kaɗan ne, don ya hau igiyar ruwa maimakon ya soke ta, kuma ya ratsa ciyawa. Tun kana ja za ka tokare bakin da dutse ko gungume ya lanƙwasa, in ya ƙi ka ɗaura igiya daga tsininsa zuwa tsakiyar jirgin kamar tsirkiyar baka. Baya kuwa kana iya datse shi da adda ya zama gundul. Haka masuntan Huanchaco a gaɓar Peru suke yi wa nasu ƙananan jiragen, haka ma Buduma. Sai dai datsattsen baki ƙofar ruwa ce, don haka ka ƙara masa zagaye uku kusa da juna, matsattsu.

In shafa kwalta ko in naɗe shi da leda don kada ya jiƙe?

A tsohuwar Iraƙi sun shafa wa jiragen ciyawa kwalta, gaskiya ne. Ga matafiyi ba na ba da shawara. Leda takan huje a ranar farko, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, ciyawar ta ruɓe a ciki. Abin da ya fi amfani shi ne ka cusa 'yan gorunan roba marasa komai, a rufe gam, cikin tsakiyar kowane dami tun kana zubi. Ba gargajiya ba ne, amma ba sa shan ruwa.

Da me zan tuƙa?

A ruwa mara zurfi, doguwar gora: ka soka a ƙasa ka tura. A mai zurfi, filafili mai baki biyu ya fi, don jirgin nan ba shi da ƙashin ƙasa da zai riƙe masa hanya, kowane tuƙi ɗaya sai ya juya kai. Masuntan Huanchaco gora suke tsagawa biyu a tsaye su tuƙa da rabin, dama da hagu. Ka ɗaure filafilin da kirtani a jikin jirgi.

Kada ka sa ran gudu. Tafiyar mai ƙafa ce, ko ƙasa da haka. Iska kuma tana wasa da shi yadda ta so, musamman yana sabo yana zaune a saman ruwa. Ka fita da asuba lokacin da ruwa ke kwance, ka bi gefe.

A ina zan zauna, a ina zan sa kaya?

Ka durƙusa ko ka zauna a kwarin nan, ɗan baya da tsakiya. Kaya masu nauyi su kwanta ƙasa a gabanka, a ɗaure. Duk abin da ba ka so ya jiƙe, ashana, waya, bargo, magani, ya shiga leda biyu, domin a jirgin iwa gindinka a jiƙe yake tun daga safe har yamma. Ka gwada jirgin da cikakken kaya a ruwa iya ƙugu kafin ranar tafiya. Ka kifar da shi da gangan, ka koyi hawa ta baya kana jan ciki. Ta gefe ba ya hawuwa, juyowa yake yi ya rufe ka.

Kwana nawa zai yi?

Wanda aka bari cikin ruwa dare da rana, ƙarami, zai fara nauyi a 'yan kwanaki. Wanda ake fitarwa kullum yana iya kai makonni, har watanni. Shi ya sa a bakin tekun Huanchaco za ka ga jiragen a jere a tsaye, goshi sama, ruwa na tsiyaya ta gindi. Kai ma kowace yamma ka jawo naka ka jingina da itace, ko aƙalla ka ɗora shi kan gungume biyu iska ta bi ta ƙasa. Ka tsaya ka saurara, za ka ji ɗigar ruwa har bayan magariba.

Ka ɗaura ɗan ƙyalle a gefe daidai inda ruwa ya tsaya ranar farko. Kowace safiya ka duba. Ranar da ruwa ya haye ƙyallen da faɗin tafin hannu kuma shanyar dare ba ta maido shi ba, ko ka huta yini biyu a rana, ko ka ƙara sabon dami a kowane gefe.

Wane irin ruwa ne bai kamata in shiga da shi ba?

Kogi mai duwatsu da gudu, kogin da ya cika ya kawo itatuwa, da tsakiyar babban tafki. Dutse ba zai fasa shi ba, amma zai cinye igiyar ƙasa. Reshen da ke cikin ruwa kuma yana kama igiya ya tsayar da jirgi cak ruwa na turowa. Wurinsa fadama, kwantaccen kogi, da gefen tafki.

Rigar kariya daga nutsewa tana jikinka, ko ka iya iyo. Ka kuma gaya wa wani inda za ka shiga da inda za ka fito da ranar da za a fara nemanka.

Dabbobin ruwa fa?

Inda iwa ta yi kauri nan ne gidansu. A ƙasashen da ke da dorina, ita ce abin tsoro na farko: kada ka shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, kada ka kusanci mai ɗa, in ka ga kunnuwa da hanci a gaba ka ba su hanya tun daga nesa. Inda akwai kada, ba a zura ƙafa ko hannu a ruwa, ba a kuma yankan ciyawa da magariba. Wannan jirgi ƙasa-ƙasa yake, tsakaninka da ruwa taƙi ɗaya ne.

Wanda ba a gani kuma shi ne tsagiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar ruwa mara gudu a yawancin Afirka da wasu sassan Asiya da Kudancin Amurka, ta ratsa fata ba tare da rauni ba. Mai yankan iwa yana tsaye cikin wannan ruwa awa da awa. Dogon takalmin roba yana taimakawa. In bayan makonni ka ga zazzaɓi, ko daga baya jini a fitsari ko bayan gida, ka je asibiti ka faɗi inda ka shiga, akwai maganinta. Ka kuma buga tsibin ciyawa da sanda kafin ka rungume shi, maciji na son inuwarsa.

Na ji an haye Tekun Atlantika da irinsa. Me zai hana nawa?

An haye, amma a karo na biyu. A 1969 Heyerdahl ya kawo maɗaura Buduma daga tafkin Chadi zuwa Masar, aka kawo fafirus daga tafkin Tana, suka ɗaura jirgi mai suna Ra. Su jirginsu ba ya da ɗagaggen baya. Heyerdahl ne ya nemi a ƙara don ya yi kama da zanen Masarawa. A zanen akwai wata igiya da ta tashi daga tsinin bayan zuwa daben jirgi, aka ɗauka ta ado ce ko ta riƙe lanƙwasa kawai, aka yi watsi da ita. A teku bayan ya sunkuya ya nutse, ɗaurin gefe ya riƙa tsinkewa, ciyawa na zubewa, suka bar jirgin kafin su kai tsibiran Karibiyan bayan kusan wata biyu.

A 1970 maɗaura Aimara daga Titikaka suka ɗaura Ra na biyu, ya fi na farko gajarta, mita 12, da wannan ɗaurin zuciya da na bayyana. Ya tashi daga Safi a Maroko ya isa Barbados a kwana 57. Ciyawar iri ɗaya ce a duka biyun.

Naka kuwa mita uku da rabi ne, kuma hannunka sabo ne. Babban dami yana jiƙewa daga waje, cikinsa ya daɗe a bushe. Ƙarami ba shi da wannan cikin.

In igiya ta tsinke ina tsakiyar tafiya?

Wannan ne raunin naɗin igiya ɗaya: in ta tsinke wuri ɗaya tana iya warwarewa gaba da baya. Maganinsa tun wurin ɗauri ne, bayan jan ƙarshe ka ƙulle kowane zagaye na huɗu ko na biyar da ɗan kirtani, ɓarna ta tsaya tsakanin ƙulli biyu. Ka riƙe rarar igiya mita goma a inda hannunka zai kai. In abin ya faru, kama bakin biyu ka ɗaure su a zagayen da ke kusa, ka nufi gaɓa, gyaran gaske a tudu ake yi. Kowace safiya kuma ka bi igiyar da hannu, musamman ta ƙasa inda take gogar yashi.

Zan iya yanka a ko'ina, kuma yaya zan yi da jirgin in na gama?

Fadamu da yawa gandun gwamnati ne ko wuraren da aka keɓe don tsuntsaye, wasu kuma suna da masu su da ke rayuwa da ciyawar. Ka tambaya kafin ka sa lauje. Kada ka share wuri ɗaya ƙaf. Ka tsinka nan da can, ka bar saiwa, za ta tofo. In ka tarar da sheƙa da ƙwai ka matsa gaba.

In ka kai inda za ka, ka kwance igiyar ka naɗe abarka, musamman in ta roba ce, ka ciro gorunan da ka cusa. Ciyawar ka baje ta a tudu nesa da bakin ruwa. Kada ka ɗauki jirgin ko ragowarsa zuwa wani tafkin, domin iri da ƙwan dodon koɗi suna maƙale a jikinsa.